Ɗorawar Iya a Kusurwar Filinmu

Shekara goma sha ɗaya muka yi a gidan haya a Sabon Gari, ciki da falo, ni da maigidana da yara huɗu. Irin gidan nan ne da ƙofa ke kallon ƙofa, idan maƙwabciyata ta soya manja ni ke tari. Ina son mutanen gidan har gobe, amma layin banɗaki da safe ya ishe ni, ga ni malamar firamare ana jirana a aji. Da aka ce ana yanka wata gona a bayan Samaru ƙanana-ƙanana, daidai ƙarfin irinmu, ban tsaya doguwar shawara ba.

Muka sayi fili, muka gina, muka tare ba filasta ba silin. Amma ga iska, ga dawar mutane har bakin taga, ga wata ƙatuwar ɗorawa a kusurwar filin, wadda tuni na ɗauka tawa ce.

Bazarar farko na dawo daga makaranta, na tarar da wata tsohuwa a tsakar gidana da doguwar gora mai ƙugiya, tana ta kaɗo ɗorawa hankalinta kwance. Ni kuwa ba a taka ni in yi shiru.

"Iya, lafiya? Gidan mutane ne fa."

Ko waiwayowa ba ta yi ba. "Ƙasa 'ya'yana suka sayar miki, 'yar nan. Wa ya ce miki an haɗa da ɗorawa?"

Na kai ƙara wurin maigida ina huci. Shi ɗan ƙauye ne, sai da ya gama dariyarsa sannan ya ce ai haka abin yake: gona takan canza hannu, ɗorawa tana nan ta mai ita. Ni da aka haifa a gefen layin dogo, ina zan sani? Na yi fushin mako guda, har ranar da Iya ta aiko mini da daddawa a ganye, da saƙon wai ta ji ƙamshin miyata, tausayin yarana ya kama ta.

Tun daga nan muka ƙulle. Ashe ma cocinmu ɗaya, tana zama can baya wurin tsofaffi. Kowace bazara sai ta zo da gorarta, yarana su bi ta suna lasar garin har bakinsu ya koma ruwan ɗorawa. Ta ce a ƙarƙashin itacen nan uwar mijinta ta koya mata wankin kalwa tana amarya.

A kan idonmu dawar ta ƙare. Inda ake noma aka jera ɗakunan ɗalibai, Keke Napep ya fara shigowa har ƙofa. Duk ɗorawar da ke unguwar aka sare, saura tamu. Ba wanda ya kai ni zagin masu saran. Har a taron unguwa na miƙe na ce sun mai da mu Sabon Gari ta biyu, alhali gudunta muka yi.

Sai mijin ƙanwata ya rasu. Ba a rufa shekara ba mai gidan da take haya a Samaru ya ce ta tashi, zai mai da gidan na ɗalibai. Ta yi yawon neman ɗaki har takalminta ya tsinke, duk inda ta je ya fi ƙarfinta. Ta dawo falonmu da yara uku da buhunan kaya, kullum tana cewa, "Yaya, ki yi haƙuri, mun takura ku." Wannan maganar ta fi komai ci mini rai.

Muka kira wani magini, tsohon maƙwabcinmu na Sabon Gari, don a gina mata ɗaki a filinmu. Ya auna nan, ya auna can, ya tsaya a gindin ɗorawar.

"Madam, nan kawai akwai wuri. Wannan itace, saiwa zai fasa gini."

Na ce a karkata ɗakin, ya ce ba hali. Na ce a hau sama, ya ce tushen gidanmu ba zai ɗauka ba. Na zage shi tas, alhali gaskiya ya faɗa.

Kwana uku ina jan ƙafa kafin na tafi wurin Iya, a 'yan gidajen ƙasan da suka rage tsallaken rafi. Na durƙusa na gaishe ta, na yi ta kewaye-kewaye har ta gaji.

"Malama, yau kuma bakin naki ya mutu? Faɗi abin da ya kawo ki."

Na faɗa mata. Sai ta tambaya:

"Yaran nawa ne?"

"Uku, Iya."

"A ina suke kwana?"

"A falo, kan tabarma."

Ta ce in bari ta kaɗe ta bana tukuna, kuma kada kowa ya taɓa itacen sai ta zo.

Ranar saran, Iya ta iso da zanenta na zuwa coci. Masu injin yankan itace na tsaye suna jira, ta ce a miƙo mata gatari. Na ce, "Iya, ki bari, ba za ki iya ba." Ta harare ni.

"Ba a sa wa ɗorawar wani ƙarfe. In ba ni na fara ba, gobe a ce baƙuwa ta sare wa tsohuwa itacenta. Ba za a yi da ke a garin nan ba."

Da ƙyar ta ɗaga gatarin. Saran ko ɓawo bai gama ratsawa ba, amma kowa ya gani. Ta miƙa wa magini, ta juya wurin ƙanwata ta ce Allah ya sa ɗaki ya yi albarka, ya raya marayu.

Ni ce na kasa tsayawa. Na shige kicin ina kuka kamar wadda aka yi wa mutuwa, kunya da ƙaunar matar nan sun cika mini ciki. Da injin ya tashi sai ga ta ta shigo, ta ja kujera ta zauna kusa da ni, ta ba taga baya. Muna nan zaune tare har muka ji faɗuwar ɗorawar.