Tsohuwar da Na Ajiye a Silin

Ni na goyi Auta. Da wannan zan fara, don kada wani ya zo daga baya ya ce ban da hujjar jin haushi. Tun tana jaririya Inna ke ɗaura mini ita a baya, in yi shara da ita, in yi wanke-wanke da ita, ta jiƙa mini zane ba adadi. Da bakinta ya buɗe, kafin Inna, kafin Baba, "Yaya" ta fara cewa, kuma ni ce Yayar. A katifata take kwana, ƙafarta ɗaya a kan cikina.

A Doka muke a lokacin, a gidajen ma'aikatan gwamnati masu rufin kwano da farin silin, shekarar da aka mayar da tuƙin mota hannun dama. Ina sakandare, ciwon rubutu ya kama ni. Na karance labaran ban tsoro da ke laburaren makarantarmu, na ce wallahi ni ma sai na rubuta wa yara nasu da Hausa. Masu sauraro kuwa ba sai na nema ba, ga Auta, ga sauran ƙannena, ga yaran maƙwabta.

Labarina na farko a kan wani dodo ne mai kai bakwai, haƙoransa kamar galma, jini na zuba ta ko'ina. Na karanta musu ina kumbura murya. Wata yarinyar maƙwabta ta ɗaga hannu ta tambaye ni wai a wane kan yake sa hula. Aka kwashe da dariya har da masu birgima. Auta kuwa barci ta yi abinta a cinyata. Raina ya ɓaci, amma dai a cinyata ta yi barcin.

Ana nan sai hutun damina ya zo, Kawu ya kawo mana 'yarsa daga Kurmin Mashi ta yi hutu. Sa'ata ce, ajinmu ɗaya, makaranta ce kawai ta bambanta. Ga shi taubashiyata ce, 'yar wan Inna, wato tana da lasisin tsokanata, in na kai ƙara a ce ai wasa ne. Auta na kiranta "Yaya ta Kurmin Mashi", kuma wannan dogon suna ya yi mini daidai.

Ranar da ta zo, bayan an ci tuwo a baranda, ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Yara suka amsa, "Ta zo mu ji ta." Na taɓe baki. Tatsuniyar da kowa ya sani ce, ta yarinyar da ta je rafi ita kaɗai. Amma kai! Yarinyar nan ba ta ɗaga murya ko sau ɗaya ba. Ba ta ce ga kamannin dodo ba. Sai dai ta ƙwanƙwasa gindin kwano a hankali, ta yi shiru, ta sake ƙwanƙwasawa kusa da wancan. Ni da nake ƙatuwa sai da tsigar jikina ta tashi. Da ta kai ƙarshe ta tafa hannu ta ce, "Ƙurunƙus!" ta kai wa Auta cakulkuli, tsoro ya watse, kowa na dariya.

Kullum haka. Auta ta fara daga cinyata, ta koma tsakaninmu, kafin mako ya zagayo ta haye cinyar baƙuwa, tana wasa da kitsonta. Kishi nake ji, ba wani suna zan ba shi ba. Taubashiyata kuwa ko a jikinta, sai ta kalle ni ta ce, "Malama marubuciya, ina mutumin naki mai huluna bakwai?" In cika in batse.

Sai na koma kallonta kamar yadda ake kallon abokin dambe. Ina take shiru, ina take jan numfashi, me take ɓoyewa. Na lura ba ta taɓa nuna abin tsoron, sawunsa kawai take nunawa. Na lura kuma yara sun fi razana da abin da suka sani, tulu, rafi, ƙofar da ba a rufe ba. Na ce to, ke rafi kika kai su, ni a cikin gida zan same su.

A lungun da ke tsakanin ɗakinmu da na Inna akwai wata 'yar ƙofa a silin, wadda masu gyaran wuta ke shiga. Nan na ajiye tsohuwata. Na rubuta cewa ba wanda ya taɓa ganinta. Tana kwance a sama tana sauraron numfashin mutanen gida, ta san na kowa. Ƙafafunta ƙanana ne, ba ta da takalmi, don haka in gida ya yi shiru sai ta sauko ta sa na ƙaramin cikin yara, ta zaga ɗakuna, ta mayar da shi inda ta ɗauka. Ba ta barin alama sai guda. In yaro ya zura ƙafa, zai ji takalmin da ɗumi. Na yi kwanaki ina gogewa ina sakewa, har na cire jini gaba ɗaya.

Bayan tuwo filin nata ne, yara ba za su yarda a taɓa musu shi ba. Don haka na tara su bayan azahar, ranar da hadari ya wuce rana ta buɗe tarwai.

Taubashiyata ta ce, "Ke, da rana tsaka? Wa kika taɓa gani yana tatsuniya da rana?"

Na ce, "Naki ne ke jiran tuwo. Nawa a rubuce yake."

Ta ce, "To ko buɗe musu ki yi da ga ta nan."

Na ce, "A wane littafi kika taɓa ganin an buɗe da ga ta nan? Ki zauna ki ji yadda ake yi."

Na karanta a hankali, na yi shiru inda ya kamata. Ba wanda ya yi dariya. Ba wanda ya ɗaga hannu. Na ga idanu suna satar kallon lungun nan, na ga ita kanta gwanar ta janye ƙafafunta ta naɗe. Daɗi ya kama ni har kunne. Na kai aya ta ƙarshe na rufe littafi, yara suka ci gaba da kallon bakina suna jiran in tafa hannu. Ban tafa ba, a littafi ba a tafawa.

Auta ta tashi tsam ta nufi ƙofa, wajen Inna za ta. Takalminta na roba na bakin baranda, ya sha rana. Ta zura ƙafa ɗaya.

Ihun da ta yi har maƙwabta sai da suka leƙo. Ta juyo a guje, na buɗe hannuwana, don tun da aka haife ta nan take zuwa. Gefen zanenta ya shafi gwiwata ta wuce, ta faɗa jikin taubashiyata ta ƙanƙame ta. Ita kuma tana ta tafa hannu tana cewa, "Ƙurunƙus, ƙurunƙus, ta ƙare!" Auta na girgiza kai tana cewa ba ta ƙare ba, ai ba a ce ga ta nan ba.

Na durƙusa na ce, "Auta, ni na ƙirƙira, babu wata tsohuwa."

Ta ce cikin kuka, "To me ya sa kika faɗa da rana?"

A wajenta, abin da aka faɗa da rana ba buɗewa ba rufewa gaskiya ne, irin labaran da Baba ke ji a rediyo. Da Baba ya taso aiki ya aro tsani ya hau da tocila, ya ce ba komai sai wayoyi da kashin ɓera. Auta ta ƙi dubawa. Ta gaya wa Inna cewa tunda na san yadda tsohuwar ke yi, to mun san juna, kuma wajena za ta fara zuwa. Ranar a tabarmar baƙuwa ta kwana, na kwana ni kaɗai a katifa ina ta juyi, cikina wayam ba ƙafarta a kai.

Da hutu ya ƙare Kawu ya zo ɗaukar 'yarsa, Auta ta kwanta a ƙasa tana birgima sai ta bi su, don an gaya mata gidansu kwano ne tsirara, babu silin. Inna ta gaji ta ƙulle mata kayanta a ɗankwali. Na tsaya a bakin ƙofa, ta bi ta gefena ƙafa ba takalmi, ta ce, "Yaya, mu tafi." Na amsa, "Na'am?" Ba da ni take ba.

Na rubuta wa yara labarai da yawa bayan nan, kuma ko an so ko an ƙi, a kan tsohuwar nan na koyi aikin. Yanzu ba na sakin labari sai na rufe shi da hannuna. Taubashiyata kuwa ba ta taɓa rubuta ko shafi ɗaya ba, tatsuniyoyin ma ta ce ta manta rabinsu. Har yau in na gan ta a taron suna sai kishin nan ya motsa.

Auta ta dawo gida bayan 'yan makonni, ta girma, ta yi aure, har ta yi jikoki. Muna zumunci lafiya lau. Kwanakin baya na je gidanta, na ji jikarta ta ruga ciki tana cewa ga Yaya ta zo. Auta ta fito da sauri tana gyara mayafi, fuskarta cike da fara'a. Da ta gan ni ta yi dariya ta ce, "Au, ashe Yaya mai littafi ce. Sannu da zuwa, shigo."