Bargon Gida Arba'in

A ƙauyenmu na kan dutse, can saman garin Kirjali, babu gidan da za ka shiga ka rasa aikin hannun Remziye. In ba bargon haɗi ba, to matashin kai, ko tsumman sauke tukunya, ko jakar cokula a bayan ƙofa. Ba wai aikin yi ta rasa ba. Dashen taba, tsinkar taba, jera ganye a zare har yatsu su yi baƙi ƙirin, duk ta yi kamar kowace mace a dutsen nan. Amma da sanyi ya shigo, mata suka baje kolin gulma, ita sai ta jawo buhun ƙyallayenta. Mijinta Niyazi, Allah ya jiƙansa, yakan ce shi tsoron dogon barci yake, kada ya farka ya tarar an yanka wandonsa kusurwa uku-uku.

Haka kuwa take yankawa. Ta haɗa yankakkun da hannu su zama murabba'i mai faɗin tafi, ta jera murabba'an layi-layi, ta shimfiɗa ulu a tsakiya, ta yi shafi, sannan ta bi da allura a tsanake. Keken ɗinkin da ɗanta ya aiko mata daga birnin Bursa na Turkiyya yana nan a lungu da tukunyar fure a kansa. Cewa take keke bai san na wane ne ƙyalle ba. Ita ta sani. Za ta nuna maka ɗan jan nan ta ce rigar amarcin wance ce, shuɗin nan kuma wandon wane, wanda jaki ya kayar a bakin gada.

Mutane suka yi ta tafiya. Wasu a shekarar babbar ƙaura zuwa Turkiyya, wasu daga baya suka bi aiki Jamus da Holan. Kowa zai tafi sai ya biyo ya miƙa wa Remziye makullin gidansa, ya ce ta riƙa leƙawa kafin ya dawo. Dawowar ke nan har yau. Makullan suna rataye a ƙusa kusa da ƙofarta, sun yi tuli, har ƙusar ta lanƙwashe.

Tana da shekara tamanin da ɗoriya jikarta Nurten ta bugo waya daga Jamus. Nurten ita ce ta hannun damarta, a cinyarta ta girma kafin iyayenta su ɗauke ta. Sau biyu tana haihuwa, sau biyu ana binnewa, har dangin miji sun fara ƙus-ƙus ɗin wabi. Yanzu ga ciki na uku.

"Kaka, ki yi mini bargon nan," in ji ta. "Na gida arba'in. Likitoci sun yi nasu, ni dai ki yi mini shi."

Kowa a nan ya san bargon. Matar da 'ya'ya ba sa tsaya mata, sai wata tsohuwa ta bi ƙofa-ƙofa ta roƙo ƙyalle daga gida arba'in, a ɗinka, a naɗe jaririn a ciki ya zauna. Sharaɗinsa ɗaya ne: kowane gida ya kasance mai hayaƙi, wato da rai a ciki da wuta a murhu. Liman ya sha faɗa cewa abin ba shi da tushe, mata kuma suka sha ba shi amsa a bayan idonsa, wai ya fara ɗaukar ciki tukuna. Remziye ta ɗinka irinsa da ƙuruciyarta, lokacin da gida arba'in aikin hantsi ɗaya ne.

"To," ta ce wa Nurten. "An gama."

Da ta ajiye wayar ta fito bakin ƙofa ta dubi rufin gidaje. Nurten ta bar garin nan tana yarinya, a ranta har yanzu makaranta cike take da yara. Remziye ta ƙirga bututun da ke hayaƙi, ta sake ƙirgawa ko idonta ne. Ba su kai ashirin ba, har da nata.

Ta fara da maƙwabciyarta Zekiye, mai bakin da ko reza ta sallama mata.

"Remziye abla, babbar yaya, ke da arba'in? A ina? Ko da kaburbura za ki cika?"

"Ke dai ba ni ƙyalle, ki riƙe bakinki ya huta."

Zekiye ta yago gefen ɗankwalinta ta miƙa. "Ungo. Ki karɓi bibbiyu a kowane gida mana, wa zai sani?"

"Ni zan sani."

"To, sannu waliyyiya. Sai ki jira karnuka su gina gidaje."

Shaban gwauro, da ya ji abin da ya kawo ta, sai ya miƙe. Ya ɗauko almakashin askin tumaki ya datse gindin rigar da ke jikinsa, ya koma ya zauna da ciki a waje. Liman ma ya yi wa'azinsa na minti biyu a tsaye, sannan ya leƙa ciki ya ce wa matarsa ta duba ko akwai wani tsohon rawani.

Da ƙauyenmu ya ƙare, sai ta shiga bin motar burodi zuwa maƙwabta. Direban yana sauke ta, ta dogara sanda ta bi hayaƙi. Wani ƙauyen ta tarar da tsofaffi uku da akuya. Wani kuma ba ta tarar da kowa ba, inabi ya cinye ƙofar masallaci. A ƙasan kwari wata Kirista, Stoyanka, ta yanko mata gefen zanen girkinta, ta yi alamar gicciye a kai, ta ce su ma kakanninsu haka suke yi. Kullum Remziye ta dawo da yamma gwiwa a kumbure, ta sha romon wake, ta zauna gefen taga tana haɗa abin da ta samo. Zare ma sai ta yi ta lalube kafin ya shiga allura. Amma murabba'an suna ta taruwa, ta fara jin kamar za a kai.

Saura gida tara dusar ƙanƙara ta sauko. Hanyoyin ƙauyuka suka toshe, motar burodi ta koma tsayawa a gadar ƙasa, daga nan ta juya. Remziye ta ce ba komai, ai da sauran watanni biyu, ƙanƙara za ta narke. Cikin bai jira ba. Nurten ta bugo da wata murya siririya, da ƙyar ake ji: mace ce, bakwaini, an sa ta a kwalba, nauyinta bai kai na burodi biyu ba.

"Kaka, bargon fa? Akwai mai motar da ke kawo kaya daga Kirjali, ranar Alhamis zai taso."

"Yana nan tafe, 'yar nan."

Ta daɗe zaune da bargon a cinya, ga gefensa ɗaya a buɗe kamar bakin mai giɓi. Ta yi kuka, kukan tsofaffi wanda ba shi da sauti. Me za ta yi? Ba ta da fiffike, ba ta iya kiran waɗanda suka tafi su dawo su hura wuta. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ta tashi ta sauke makullan nan daga ƙusa, ta sa almakashi a aljihu.

Gidajen sun yi sanyi fiye da waje. Ta zaɓi waɗanda ta san masu su sun hayayyafa a can inda suke, ta riƙa gaya wa kanta ai gidan 'ya'ya ne, jikoki ma gare su. A nan ta yanki labule, can ta yanki zanen tebur, a wani ta samu rigar yaro a rataye bayan ƙofa, ƙura ta rufe ta. Duk inda ta shiga sai ta yi sallama, duk inda ta fita sai ta ce a yafe mata. Ta dawo ta cike gefen, ta yi shafi, ta ba direban burodi a bakin gada ya kai wa mai motar Kirjali. Ɗinkin ya yi kyau, ba mai iya nuna inda na masu rai suka ƙare. Ita kaɗai ta san layin.

Bayan kwanaki Nurten ta sake bugowa. Bargon ya iso. Masu jinya sun hana a sa shi cikin kwalbar, amma sun wanke shi sun yarda a lulluɓa a samanta don tare haske. Muryarta ta ɗan yi ƙarfi, har da dariya, ta ce ta gane ɗankwalin Zekiye. Sai kuma ta tambaya.

"Kaka, arba'in ne cif?"

"Cif."

"Duka masu hayaƙi?"

Remziye ta dubi makullan da ke kan tebur. "Duka masu hayaƙi," ta ce. "Ke dai ki ci abinci ki samu nono."

Washegari da hantsi Zekiye ta fito zubar da toka, sai ta ga hayaƙi yana tashi daga gidan da aka rufe tun kafin a yi mata jikan fari. Ta ce ko ɓarayi ne, ko aljanu. Ta ɗauki muciya ta nufi can. Ta tarar da Remziye durƙushe gaban murhu tana hurawa, ɗaki ya turnuƙe saboda tsuntsaye sun toshe bututun da sheƙa, ga kwandon ƙirare a gefe da ashana.

"Abla! Kin haukace ne? Gobara za ki yi mana?"

"Miƙo mini iccen can."

"Ba zan miƙo ba. Mene ne wannan?"

Remziye ta gaya mata, ba ta rage komai ba. So take gidajen da ta yanko ƙyalle a cikinsu su yi hayaƙi, kada abin da ta faɗa wa Nurten ya zama ƙarya. Zekiye ta ce, "Gida nawa?"

"Tara."

"Da wannan gwiwar? Har yaushe?"

"Har a fito da ita daga kwalba."

"In kuma..." Zekiye ta haɗiye sauran. Ta ajiye muciyar, ta ɗauki kwandon.

Gidajen ba a jere suke ba, wani a gindin gari, wani can sama kusa da maƙabarta. Tsofaffin nan biyu suka yi ta hawa cikin ƙanƙara, ɗaya da sanda ɗaya da kwando, suna tsayawa su huta, Zekiye tana zagin gwiwoyinsu da masu gidajen da Jamus gaba ɗaya. Itacen da za su iya ɗauka kaɗan ne, kowane murhu 'yan ƙirare yake samu. Rana ta karkata kafin su kunna na ƙarshe. Remziye ta fito bakin ƙofa tana haki, ta juya ta dubi gangare don ta gan su duka tara suna hayaƙi tare, ko sau ɗaya.

Na farko da na biyu sun mutu tuni. Na uku ɗan siririn zare ne yake fitarwa, suna kallo shi ma ya yanke.

Zekiye ta dube ta. Remziye ta goge ido da bakin ɗankwali, ta girgiza ashanar ta ji akwai saura, ta dogara sandarta ta fara gangarawa.