Sunan 'Yar Fari

Ƙarar murfin tukunya ce mafarin abin. 'Yata ta fari ce ta sake shi a tsakar gida, na daka mata tsawa, sai maƙwabciyata ta leƙo ta kan katanga. 'Yar Kudu ce, Kirista, tana aiki a asibitin garinmu.

Ta ce, "Maman yara, a yi haƙuri mana. Ana neman mata masu sakandare, a koya musu renon yara su koya wa wasu. In ba da sunanki?"

Maigidana yana fatauci a tsallaken iyaka, sai da ya dawo ya amince na tafi.

A Bagudo aka yi mana horon. Aka ce uwa ta durƙusa daidai tsayin yaronta, ta dubi idonsa, ta kira sunansa, ta yaba masa ko da a kan ƙaramin abu ne. Muka gwada a junanmu muna ta dariya. Aka ce za a riƙa zuwa ana duba mu.

Ba wanda ya zo. Maƙwabciyata aka yi mata canjin wurin aiki. Abokiyar horona ta garin Geza gona ta ɗauke mata hankali, ta garin Lolo kuma ta koma kan rumfarta ta kasuwa. Na rasa wanda zan ce wa, ni fa tsoro nake ji.

Duk da haka na shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiya, mata suka zo. Waɗanda suka fi jin yaren Dendi, wata ta riƙa fassara musu. Suna saurare har na kai batun kiran suna. Sai wata dattijuwa ta gyara zama.

"Ɗiyata, har ɗan fari?"

Na ce haka aka koya mana.

"To ke taki, kin taɓa kiran nata?"

Aka kwashe da dariya. Ban taɓa ba. A wurinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yabonsa a gaban mutane, kunya ce. "Ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". Haka mahaifiyata ta yi wa yayana har ta koma ga Allah, kuma na san tana sonsa.

Mako ya zagayo, na sake shimfiɗa tabarmi. Kaji ne kawai suka hau. Na naɗe tabarmin ni kaɗai.

Na daɗe ina roƙon Allah a sujada ya nuna min daidai. Ban ga laifin matan ba. Abin da ban iya a ɗakina ba, yaya zan ɗora wa wata?

Wata rana bayan la'asar na tarar da 'yata ta fari tana tsince shinkafa a faifai. Ba kowa a gidan. Na durƙusa a gabanta. Da ƙyar na kira sunanta. Na ce, "Kin iya tsinta. Allah ya yi miki albarka."

Ta waiga baya, ko wani ne ya shigo. Sannan ta dube ni.

"Inna, ashe kin san sunana?"