Barmo da labarin mai tsaron ƙofa

Barmo ba shi da gona. Mutumin wajen Belbeji ne, gajere, mai katuwar murya. Idan kaka ta yi sai ya bi garuruwan Damargu yana taya ɗaurin gero, a ciyar da shi, a ba shi dami. Hannu na aiki, baki na ba da labari. Kakata ta san shi a ƴan shekarun nan kafin Nasara su iso ƙasar, kuma daga bakinta na ji wannan.

Yana da wata al'ada. Ba ya faɗin wanda ya yi daidai cikin labarinsa. In ya kai ƙarshe sai ya shata ƙasa da ƙafa, kowa ya ɗauki zangarniya ɗaya ya jefa: dama in mutumin labarin yana da gaskiya, hagu in ya yi laifi. Ba a ƙin jefawa. Har mata suna jefawa, a yi ta musu ana dariya.

Wata kaka ya sauka wani ƙauye kusa da Gangara, inda bai taɓa zuwa ba. Ƙauyen kewaye yake da kafi na itace da ƙaya, ƙofa ɗaya. Ana gayya a gonar maigari da hantsi, sai ya ɗauko labarin mai tsaron ƙofa. Mahara sun taso a kan raƙuma, kowa ya ruga ciki, saura mace ɗaya da ta je rijiya. Tana gudu tana kiran sunansa, mahara na bayanta. Ya ja ƙyaure, ya tokare da gungume. Gari ya tsira, ita kuwa suka soke ta a jikin ƙofa.

Wurin ya yi tsit. Barmo ya ɗauka daɗin labari ne. Bai san bara waccan haka aka yi a ƙauyen ba. Wani ɗan ƙauyen, Mailafiya, shi ne ya rufe ƙofar. Balki matar Dodo ce ta mutu a bakinta, mashi ya ratsa ta har ya kafe a itace. Tun ranar ba wanda ya ƙara ɗaga maganar. Ga kuma Mailafiya da Dodo cikin gayyar, kusa da juna.

Maigari ya ce, "Malam Barmo, rana ta yi. A bar jifan nan."

"Haba, ranka ya daɗe! A bar mutum tsaye bakin ƙofa babu shari'a? Ko zangarniyar kake wa rowa?" Ya shata ƙasa yana dariya.

Dodo ya ce, "A jefa. Ina so in gani."

Wata tsohuwa da jikokinta ke cikin kafi ranar harin, ita ta fara, ta jefa dama. Sauran suka bi, kowa kansa a ƙasa. Dama ta yi tudu. Dodo kaɗai ya jefa hagu. Saura Mailafiya. Ya tako a hankali, ya sunkuya, ya aza tasa a kan ta Dodo.

"Ashe ka sani," in ji Dodo.

"Na sani, Dodo."

"Ka ji tana kiranka?"

"Na ji. Har ta daina."

Dodo ya zari magirbi. Saran farko ya sauka a gindin wuyan Mailafiya, jini ya feshe geron da aka tara. Mailafiya bai ko kare ba. Barmo ya yi tsalle ya tare na biyu da hannu, yatsunsa suka faɗi cikin kara. Maza suka danne Dodo, yana cizo yana kiran Balki, suka ɗaure shi da igiyar dami, bakinsa cike da ƙasa da jini. Daga baya maigari ya kore shi daga ƙauyen, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Barmo kuwa bai ƙara ɗaure dami ba har ya mutu a Tenhya, yana jiran awakin mutane.

Amma ranar, an kwantar da Barmo da Mailafiya a inuwar aduwa ɗaya. Wanzami ya ƙone wa Barmo hannu da wuƙa mai zafi don jinin ya tsaya. Raunin Mailafiya kuwa ya duba, ya girgiza kai.

Mailafiya ya juyo da ƙyar. "Baƙo, a sauran garuruwa ina suke jefawa?"

"Dama, ɗan'uwa. Duk inda na je, dama."

"Ba su ji muryarta ba ne."

Ya nemi ruwa, aka ba shi, ya kasa haɗiyewa. Kafin la'asar ya cika.