Tambaya da Akwatin Dibelomen

A ƙauyukan da ke tsakanin Kura da Bunkure, in ka ce Tambaya dillali ba mai ce maka wanne. Dillalin tumatir ne a bakin titi, inda manyan motoci ke lodi su nufi kudu. Gajere ne mai babbar murya, hularsa kullum a karkace. Alfaharinsa a duniya ɗaya ne, wai bai taɓa kallon abu sau biyu kafin ya yanka masa kuɗi ba. Kwandon tumatir, akuya, keke, rediyon da ya mutu, kallo ɗaya ya ishe shi. Sunansa Tambaya, amma ko hanya ta ɓace masa gara ya yini yana yawo da ya tambayi wani.

Ƙanensa Abbas ne ya yi boko. Malamin lantarki ne a wata makarantar koyon sana'a a Kano, har an taɓa tura shi kwas Ingila. Da albashinsa ya sayi gonar noman rani a bakin kanal, inda ruwan dam ɗin Tiga ke fara sauka kafin ya wuce gonakin ƙasa. Zazzaɓi ya ɗauke shi a 1987, bai yi aure ba, iyaye kuma sun riga shi. Magadansa biyu ne, Tambaya da ƙanwarsu Zuliha, wadda ta dawo gida da marayunta bayan rasuwar mijinta.

Malam Sammani, mai makarantar allo, shi ke raba gado a garin. Ya ce gona a fili take, kashi biyu na Tambaya, ɗaya na Zuliha. Abin da ya gagare shi wani baƙin akwati ne da aka samu a ɗakin mamacin.

"Ba a raba abin da ba a san ƙimarsa ba," in ji shi. "Kai ne dillali. Duba mana."

Tambaya ya buɗe. A ciki akwai wani koren allo mai zane-zanen jan ƙarfe, da wasu baƙaƙen abubuwa masu ƙafafu a jere kamar shanshani, da maɓallai masu lambobi da haruffa daga A zuwa F, da 'yar taga ta gilashi. Ya kalla sau ɗaya. Ya sake kallo. Ya rufe ya ce sai ya yi nazari.

Ajami ya iya, bai iya boko ba. Amma a jikin murfin akwai wata doguwar kalma da idonsa ya sani. Ya rungumi akwatin ya tafi gindin allon da ma'aikatan ruwa suka kafa a mararraba, ya gwada harafi da harafi. Ita ce. Kalmar da ke ƙofar motocinsu, wadda manoma ke kira dibelomen. Sai kuma ya tuna ƙofofin ƙananan kanal da ke yankinsu, kowace da harafinta an rubuta da fenti. Nan take ya gama lissafi a ransa: Abbas, shiru-shirun nan, makullin ruwan yankin gaba ɗaya ya ajiye a ƙarƙashin gado.

Malam Sammani ya nace sai an kai wa masani, don haka Tambaya ya hau mota zuwa Kano wajen Malam Dalhatu, abokin aikin Abbas. Dalhatu ya daɗe yana shafa allon.

"Allah ya jiƙan Abbas. Tare muka yi kwas ɗin nan. Wannan allon gwaji ne, Malam Tambaya. Ka ga baƙin dogon nan? Shi ne ƙwaƙwalwar kwamfuta. Masu ƙera na'ura suna danna masa umarni da maɓallan nan, su gwada dabararsu kafin su ƙera."

"Dibelomen ɗin fa?"

"Ai kalmar Turanci ce kawai, ta haɓaka abu. Ba ruwanta da ruwa."

"Zai iya buɗe ƙofar kanal?"

"To, in an rubuta masa umarni, an sa wa ƙofar inji, an ja waya..."

Daga "To" Tambaya ya daina ji.

"A kasuwa fa, Injiniya, ina ya tsaya?"

"Da can yana da tsada. Yanzu an daina yayinsa, sababbi sun fito. In ka ba makaranta kyauta ɗalibai za su amfana. Ko ni in ba ka ɗan wani abu, in ajiye don tunawa da aminina. Kuma kada ka sa masa kowace irin wuta, 'yar kaɗan yake ci."

Tambaya ya yi murmushi. Wannan karatun shi ya ƙirƙiro shi. Shekara da shekaru yana kushe tumatirin manoma, ya ce ya yi ruwa, ya yi ƙanana, sannan ya ce zai karɓa don zumunci. Wanda ya kushe kaya kuma ya taya, kayan yake so. Ya ƙwace akwatinsa ya yi sallama.

A gaban Malam Sammani ya sa fuskar tausayi.

"Tarkace ne, Malam. A bar mini shi kawai, in riƙa tuna ɗan'uwana."

Zuliha tana daga bayan ƙofar zaure, tana jin komai.

"In tarkace ne, Yaya, me ya sa matarka ta ce ko banɗaki da shi kake zuwa? A sayar wa injiniyan a raba."

"Ke, ba da ke ake ba!"

"Da ita ake," in ji Malam Sammani. "Kashi ɗaya cikin uku na akwatin nata ne."

Tambaya ya shiga ciniki. Ya ce zai ƙara mata fangali kaɗan daga rabonsa na gona, ta bar masa akwatin. Ta ce ita ma tana son tuna ɗan'uwanta. Ya ce rabin gonar. Ta yi shiru. Shirun nan ne ya kashe shi, don ya ɗauka ta gano sirrin. Mutumin da ya ƙware wajen sa wasu su yi wa kansu ragi, ya shiga yi wa kansa ƙari ba wanda ya taya. Kafin la'asar ya sallama gonar duka.

Malam Sammani ya maimaita masa tambaya ko da gaske ya yarda, har ya gaji. Ya kira shaidu. Tambaya ya ce ya ji ya gani, ya fita yana tausaya wa ƙanwarsa a zuci, mace da ba ta san abin duniya ba.

Sirri ba ya zama a bakin dillali. Kafin alkama ta tsiro kowa ya ji. Shekarar ce kuwa alkama ta yi daraja, kowa ya shuka. Da aka rufe kanal ɗinsu don gyara, ruwa ya yi jinkiri, sai manoman ƙarshen kanal suka yi masa sammako.

"Sarkin ruwa, a taimaka. Gonaki sun fara tsagewa."

Wasu da gaske suke, wasu kallo suka zo. Tambaya bai bambance ba. Ya sa babbar riga, aka ciro batirin a-kori-kura, aka ɗunguma zuwa ƙofar da ke da harafin C. Ya tuna gargaɗin Dalhatu, ya ce a ransa wuta ai wuta ce, baƙin ciki ne irin na 'yan boko. Ya yi bisimilla ya haɗa waya.

Jajayen lambobi suka haska a tagar. Jama'a suka yi kabbara. Sai tas! Wani siririn hayaƙi ya tashi da warin ƙonanniyar roba. Tambaya ya danna C. Ya danna da ƙarfi. Ya bi sauran haruffan duka. Wani manomi mai suna Ɗanladi ya leƙa busasshen kanal, ya dubi hayaƙin.

"Ranka ya daɗe, ta sama ka turo ruwan ne?"

Ruwa ya zo daga baya, da aka gama gyara, ta hannun ma'aikacin da ya saba juya ƙofar da ƙarfensa.

Tambaya ya koma wajen Malam Sammani a sake rabo. Malam ya ce rabon da aka yi da yarda, sai yarda ke warware shi. Tambaya ya nufi gona. Ya tarar da Zuliha a kan kunya, alkamarta koriya shar, ruwa na bin fangali.

"Zuliha, kin san shaiɗan ne."

"Sannu da zuwa, Yaya. Ka taka mini shuka."

Ya ja ƙafa. Ya ajiye akwatin a gabanta, ya fara da muryar kasuwa. Ya ce ƙonewar kaɗan ce, Injiniya zai gyara. Ya ce kayan Ingila ne. Ya ce ta riƙe akwatin duka, ta mayar masa da rabin gona. Ya sauko zuwa kashi ɗaya cikin uku. Ya sauko zuwa 'yan fangalin da ke can gefe, inda ruwa ba ya isa sosai.

Zuliha ta saurare shi har ya ƙare, don ba ta katse babba. Sannan ta sunkuya ta toshe bakin wani fangali da laka, ta buɗe na gaba.

"Albarka, Yaya," in ji ta.