Gurbi na Arba'in da Takwas, Wanda Aka Hana Egidio

Ranar Talata, sha ɗaya ga Maris, da hantsi, Allah ya karɓi ran Egidio Lapenta, mijin yayata marigayiya Sinforosa, yana da shekara tamanin da huɗu. A kujerarsa ya cika, takalmi a ƙafa, jakar takardun shari'a a gefensa. Ni Vincenzina nake rubuta wannan. 'Yarsa Rosalba ta roƙe ni in sassauta harshe saboda zaman makoki. Na ce mata to, amma ban yi mata alkawari ba.

Yaya Egidio, shekara talatin da huɗu kana jan motar safa daga ƙauyenmu zuwa birni, a kan hanyar nan mai lanƙwasa saba'in, ba ka taɓa barin kowa a bakin titi ba. In tsohuwa ta makara sai ka buɗe gaban mota kana leƙe-leƙe, wai inji ne ya yi zafi, alhali duk fasinjoji sun san ita kake jira. Maganin rabin garin nan a aljihunka yake hawowa daga birni. Shekarar da ƙanƙara ta datse hanya, da ƙafa ka tako mil shida da allurar mijina Pasquale, mutumin da ba ku taɓa zama teburi ɗaya kun tashi lafiya ba. Ka miƙa mini ita a ƙofa, ka kira ni da sunan da ka laƙaba mini saboda kaifin harshena, ka ce, “Ungo, Sarkin Baki. Ki ce masa kada ya mutu, ban gama faɗa masa magana ba.”

Wannan mutumin ne aka wulaƙanta shekara goma sha biyu a kan abu ɗaya tak: ya kwanta kusa da matarsa.

Da Sinforosa ta rasu ka je ofishin magajin gari ka karɓi gurbi biyu a sabon bangon makabarta, inda ake zura akwatunan gawarmu layi bisa layi. Na arba'in da bakwai nata, na arba'in da takwas naka, a layi na uku, daidai fuskar mutum. Ka ce ba ka so mai kawo muku fure ya hau tsani. Magatakarda ya ba ka rasiti, kuka yi musabaha, kuka sha kofi, kamar yadda iyayenmu suka yi tun da aka gina bangon farko. Ba wanda ya taɓa komawa neman babbar takarda mai hatimi. Wa zai ƙwace wa mutum kabarinsa?

Ashe akwai. Bayan shekara biyu ka je da furenka ranar Lahadi, ka tarar an manna allon marmara a bakin gurbinka da sunan gidan Don Saverio mai kantin magani. Shi takardarsa mai hatimi ce, kuma kowa ya san ɗan gwaggon wane ne a wancan ofishin. Ubansa mutumin kirki ne, amma albasa ba ta yi halin ruwa ba. Ka same shi a kanti ka cire hula, ka ce masa matarka ce a gefe. Ko kai bai ɗaga daga ma'auninsa ba, ya ce, “Kotu tana birni, direba. Ai ka fi kowa sanin hanya.”

Ka san hanyar kuwa. Ka kai ƙara kotun da ke raba gardama tsakanin mutum da mutum. Shekara biyar ana ɗage zama: yau alƙali ya sauya, gobe hutun Agusta, jibi lauyan Don Saverio mura ta kama shi. Ranar hukunci na raka ka, ka sa rigar da ka sa a bikin Rosalba. Alƙalin ya karanta takarda cikin minti huɗu. Wai makabarta mallakar hukuma ce, ba da gurbi aikin hukuma ne, don haka kotunsa ba ta da hurumi, sai kotun da ake kai ƙarar hukuma, kuma wata uku ne wa'adi. Ka miƙe ka ce, “Ranka ya daɗe, to nawa ne ko nasa?” Ya ce ba a kai nan ba tukuna. Shekara biyar, ba a kai nan ba tukuna. Tun ranar farko suna da idon karanta wannan, amma sai da gashinka ya gama fari suka gani.

Ka ɗauki jaka ka tsallaka ɗaya kotun. Tsakanin ginin biyu bai kai tafiyar minti goma ba, na auna da tsofaffin ƙafafuna. Can ma aka shekara huɗu kafin alƙalai uku su zauna cikin baƙaƙen riguna su gano cewa wannan rigimar iyali biyu ce a kan abu ɗaya, ba ta hukuma ba, su ma ba huruminsu ba ne. Suka tura tambayar babbar kotun ƙasa, ba don a faɗi mai gaskiya ba, sai don a faɗi wanda zai saurara. Da muka fito na zazzaga musu abin da ke bakina a kan matakala har ɗan sanda ya matso. Kai kuwa ka ja hannuna ka ce, “Bari, Sarkin Baki. Ni ma na taɓa ɓatan hanya sau ɗaya, amma ban ce wa fasinja shi ya ɓata ba.”

Abin da ya fi ci mini rai, duk shekarun nan gurbin fayau yake. An hana kowa taɓa shi sai an gama shari'a. Kowace Lahadi kana zuwa ka goge hoton Sinforosa, sannan ka goge allon Don Saverio ma, don ka ce ba za ka bar ƙura kusa da ita ba. Na ce maka wannan ba haƙuri ba ne, wauta ce. Har yau ban janye ba, sai dai ban taɓa ganin wauta mai kyanta ba.

Ranar jana'iza ba mu da inda za mu sa ka. A garin nan in haka ta faru aron gurbi ake yi, kuma nawa ne kaɗai babu kowa a ciki. Shi ya sa kake layi na biyar, can sama kusa da rufi, kafaɗa da kafaɗa da marigayi Pasquale. Ku ƙarasa maganarku. Ni mai shekara tamanin da ɗaya nake jan tsanin ƙarfe in hau in sa maka fure, abin da ka ƙi wa kowa tun farko. Daga saman tsanin ina hango yayata can ƙasa, ita kaɗai, da sunan baƙo a gefenta.

Don Saverio bai ji kunyar zuwa ba. Ya zo da furen da ya fi na kowa girma, ya kama hannuna biyu, ya ce, “Donna Vincenzina, Allah ya ba shi wurin hutawa.”

Na ce, “Wurin yana nan, layi na uku. Sunanka kawai za ka cire.”

Limamin coci ya yi gyaran murya, Rosalba ta taka mini ƙafa. Ban yi nadama ba. Tun dare bai yi ba na ciro furen na jingina shi a ƙofar kantinsa, da rana tsaka, kowa yana kallo.

Kwana takwas da binne ka wasiƙa ta zo, da sunanka a bayanta. Babbar kotu ta yanke: hurumin na kotun farko ne. Waccan dai, mai minti huɗu. A koma can a faro daga tushe, magada suna da wata uku su tayar da ƙarar, in ba haka ba ta mutu. Rosalba ta karanta ta fashe da kuka, ta ce, “Inna, mu haƙura, ai Baba ya huta.”

Na ce, “Bai huta ba, aro yake kwance. Sa hannu nan.” Ta sa.

Ku alƙalan da kuka yi ta tura tsoho tsakaninku kamar kwanon da ba mai son wankewa, ban san sunayenku duka ba, kuma ban yafe ba. Na san babu wanda zai ce ya karya doka a cikinku. Kowa ya bi littafinsa daidai, mutum ya mutu a tsakani.

Allah ya jiƙanka, Yaya Egidio, ya yafe maka kurakuranka, ya karɓe ka a zaman farko ba tare da ɗagewa ba. Ya sada ka da Sinforosa a can tun kafin mu iya sada ku a nan. Ina miƙa ta'aziyyata ga Rosalba da mijinta da 'ya'yansu, da tsofaffin direbobin da suka ɗauki akwatinka, da duk wanda ka taɓa jira a bakin hanya. Allah ya ba mu haƙurin rashi. Haƙurin maganar gurbi kuwa ban roƙa ba.

Likita ya ce zuciyata ta gaji. Na ce masa ta jira, gurbina da mutum a ciki, ba ni da inda zan je sai na sauko da kai layi na uku. Jakarka tana wurina, na ɗinke hannunta da ya tsinke. Ranar Litinin zan hau motar ƙarfe shida zuwa birni.