Daji Ba Shi Son Ƙarhe

Yayata Juwairiyya mai man gyaɗa ce a Rawayya ta ƙasar Bungudu. Tun tana amarya take suya da matsa, har hannunta ya yi kanta, tana iya tsamo ƙuli-ƙuli daga tafasasshen mai ba ta ko yamutsa fuska. Mijinta Labbo ya rasu ya bar mata yara da gonar da ba ta ciyar da kowa, da kaskon nan ta aurar da su duka. Mace ce mai baki. Idan ta yi maka ba'a sai ka kai gida kafin ka gane zaginka ta yi.

Ta daɗe da daina al'ada, jikokinta ma sun fara tasawa, sai jini ya dawo mata. Dariya ta mayar da abin. Da na je daga Gusau duba ta, cewa ta yi, "Hauwa'u, na koma budurwa, ki samo min miji ɗan birni."

Ban yi dariya ba. Maƙwabciyata Grace ma'aikaciyar jinya ce, ta sha gaya mini cewa jini bayan daina al'ada ba abin wasa ba ne. Da ƙyar na jawo Juwairiyya zuwa asibiti, Grace ta raka mu. Likitar ta yi hoton cikin, ta ce fatar cikin mahaifa ta yi kauri, sai an sa wani siririn bututu an ɗebo kaɗan a duba ƙwayoyinta. Grace ta ƙara mana bayani a waje, ta ce ƙwayar da ta lalace kamanninta na canzawa, har maiƙon da ke lulluɓe da ita masu bincike sun ce ba ya zama kamar na lafiyayya. Ta zaci maganar maiƙo za ta shiga kunnen mai man gyaɗa.

"To, mi suka zato?" in ji Juwairiyya.

Grace ta sunkuyar da kai ta ce ana so a tabbatar ko ciwon daji ne.

Nan take yayata ta gyara mayafi ta miƙe. "Daji ba shi son ƙarhe. Kowa ya san hakanga. Da an taɓa shi da allura ya watsu. Ba ni yarda, mu tahi gida."

Bututun na roba ne. Na faɗa, Grace ta faɗa, har ta ɗauko irinsa ta lanƙwasa a gabanta. Juwairiyya ta ce duk abin da ya fito daga hannun likita ƙarfe ne, ko da auduga ce.

Damina guda muka yi muna wannan ja-in-ja. Ɗanta Ashiru ya kai ta wurin wani mai magani a Tsafe, aka yi ta jiƙe-jiƙe da hayaƙi. Ni kuwa ina ta hawa mota tsakanin Gusau da Bungudu, in roƙa, in yi faɗa, in yi kuka, in dawo. Wallahi na gaji. Har na fara jin haushin dariyarta.

Ranar da ta kasa ɗaga kasko ita da kanta ta aiko a kira ni. Na mayar da ita asibiti, aka ɗebi abin cikin ɗan lokaci, ko ihu ba ta yi ba. Da sakamako ya fito, likitar ta ce dajin ne, kuma ya riga ya wuce mahaifa. Ta ce da a zuwan farko ne, cire mahaifar kawai zai iya wadatarwa. Bayan girbi muka binne ta.

A zaman makoki ina jin mata suna ƙus-ƙus, wai lafiyarta ƙalau sai da 'yar birni ta kai ta aka taɓa dajin da ƙarfe. Ba ni da sauran ƙarfin gardama.

Da aka watse, aminiyarta Rabi, wadda suka tsufa tare a bakin kasko, ta ja ni bayan rumbu. Ta ce ita ma tun azumi take ganin jini.

Na kama hannunta na ce gobe da safe mu tafi Gusau.

Ta zare hannun a hankali. "A'a, Hauwa'u. Ni na ga abin da ƙarhe ya yi ma Juwairiyya."